Sinadarin Fosfaras da Hanyoyin Kyautata Amfanin Shuka da Shi: Misali Daga Gonakin Kankiya da Kusada

1.0 Gabatarwa

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka da juna a tsakiyar Jihar Katsina, kuma mafi yawan mutanensu manoma ne. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne ƙashin bayan nomansu, sai masara da auduga a wuraren da ƙasa ta fi ƙarfi. Damina a wannan yanki gajeriya ce, domin ƙarfinta bai wuce tsakanin watan Yuni da na Satumba ba. Ana yawan jin manomi yana kukan cewa gonarsa ta gaji, ko kuwa ya zuba taki amma bai ga abin da ya zuba ba. Sau da yawa tushen wannan kuka yana komawa ga wani sinadari guda da ake kira fosfaras. Wannan babi zai yi bayanin abin da sinadarin yake, da aikinsa a jikin shuka, da dalilin da ya sa yake wuyar samuwa gare ta, sannan da hanyoyin da ake bi don shuka ta ci moriyarsa sosai.

2.0 Ma'anar Fosfaras da Taƙaitaccen Tarihinsa

Fosfaras ɗaya ne daga cikin manyan sinadarai uku da shuka ke buƙata daga ƙasa. Sauran biyun su ne naitirojin da fotashiyam. Su ne haruffa ukun nan, N da P da K, waɗanda ake gani a jikin buhun takin da manoma ke kira kamfa. Harafin P na tsakiya shi ne ke tsaye a madadin fosfaras.

Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware wannan sinadari a birnin Hambag a shekarar 1669, ya kuwa samo shi ne daga fitsarin mutane. A shekarar 1842 wani Baturen Ingila, John Bennet Lawes, ya yi rajistar wata dabara ta jiƙa ƙasusuwa da duwatsun fosfet da ruwan asid domin fosfaras ɗin da ke cikinsu ya zama mai narkewa a ruwa. Wannan shi ne asalin takin da Bahaushe ya laƙaba wa suna supa. Manoman Arewa sun san supa tun zamanin dalar gyaɗa, kuma a shekarar 1976 kamfanin yin sa na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki a Kaduna.

Akwai wani bambanci babba tsakanin fosfaras da naitirojin. Shi naitirojin yana nan jibge a cikin iska, masana'antu suna kamo shi, wake da gyaɗa ma suna kamo shi. Fosfaras kuwa ba a samun sa daga iska. Haƙo shi ake yi daga ƙasa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na duwatsun fosfet da aka tabbatar da su a duniya suna hannun ƙasar Maroko. Don haka duk abin da ya taɓa kasuwar duniya yana iske manomin Kusada har gona. An ga haka a shekarar 2008 lokacin da farashin duwatsun ya ninka sau da yawa, an kuma sake gani a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren.

3.0 Aikin Fosfaras a Jikin Shuka

Kowace ƙwayar halitta a jikin shuka tana buƙatar fosfaras. Da shi ake gina sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta daga iri zuwa iri. Da shi kuma shuka ke adana ƙarfin da ta samu daga hasken rana, ta kai shi duk inda ake buƙata a jikinta. Saboda haka ne buƙatarsa ta fi tsananta a wuraren da girma ke gudana da sauri, wato bakin saiwa, da sabon toho, da fure, da ƙwaya.

Shukar da ta rasa isasshen fosfaras takan tsumbure, kararta ya sirance, saiwarta ta kasa yaɗuwa. Ganyenta yakan yi duhu, a masara kuwa gefen tsofaffin ganye yakan rine ya koma shunayya. Gero ba ya yin 'ya'ya da yawa a gindi, yakan kuma makara wajen fid da kai. Wannan makara ita ce babbar illa a yankin da ruwa ke ɗaukewa da wuri, domin jinkirin mako ɗaya ko biyu yana iya sa zangarniya ta fito bayan ƙasa ta bushe. Wake da gyaɗa su ma suna buƙatarsa kafin ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu su iya kamo naitirojin daga iska. Ke nan rashin fosfaras yana janyo rashin naitirojin.

Akwai ƙa'idar da masana ƙasa ke jingina wa Justus von Liebig, wadda ke cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi ne ke yanke iyakar amfanin da za a samu. Misalinta shi ne tulun da ya huje a ƙugu. Ko rijiya guda aka juye masa, ruwan ba zai wuce inda hujin yake ba. Manomin da ya cika gonarsa da yuriya alhali fosfaras ne ya gaza, yana zuba ruwa ne a irin wannan tulu.

4.0 Dalilan Ƙarancinsa a Gonakin Yankin

Dalili na farko shi ne yanayin ƙasar kanta. Yawancin gonakin tudu a wannan yanki jigawa ne, wato ƙasa mai rairayi wadda tun asali ba ta da fosfaras mai yawa, ba ta kuma da yawan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke riƙe abincin shuka. Ƙurar hunturu takan sauke ɗan abin da ba a rasa ba kowace shekara, amma bai kai abin da ake kwashewa ba.

Dalili na biyu shi ne yadda ake noma. Mafi yawan fosfaras ɗin da shuka ta sha yana taruwa a cikin ƙwaya, ita kuwa ƙwaya rumbu take tafiya ko kasuwa. Kara ana kwashe shi domin danni da makamashi da abincin dabbobi, harawa kuma kuɗi ce. A da, manomi yakan bar gona ta huta na wasu shekaru. Yanzu jama'a sun yi yawa, gado ya rarraba gonaki, hutun ƙasa ya zama tarihi. Gonar da ake ɗiba kullum ba a mayarwa dole ta gaji.

Dalili na uku ya shafi halin sinadarin. Da zarar an zuba shi, sai ya manne wa wasu sinadarai na cikin ƙasa. A ƙasa mai tsami, ƙarfe da alminiyam ne ke kama shi. A ƙasa mai yawan alli kuwa, kalsiyam ne ke ɗaure shi. Ya fi sakewa idan ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, yana tsakanin 6 da 7. Bugu da ƙari, fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa kamar yadda naitirojin ke bin ruwa. Tafiyarsa ba ta wuce 'yan milimitoci, idan kuma ƙasa ta bushe sai tafiyar ta ƙara raguwa. Wato sai dai saiwa ta je inda yake. Wannan ne ya sa abin da shuka ke sha a damina ta farko ba kasafai yake wuce kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na abin da aka zuba ba. Sauran bai ɓace ba, yana nan a ƙasa yana fitowa sannu a hankali a shekarun da ke biye, muddin zaizayar ruwa ko iska ba ta tafi da ƙasar sama ba.

5.0 Dabarun da Shuka ke Bi Wajen Neman Sa

Allah ya hore wa tsirrai hanyoyi na neman wannan abinci mai wuyar samu. Hanya ta farko ita ce yawaita ƙananan saiwoyi da gashin saiwa, musamman a sashen ƙasa na sama inda fosfaras ya fi taruwa. Ta biyu ita ce fitar da wani ruwa mai ɗan tsami daga saiwa wanda ke kwance sinadarin daga abin da ya ɗaure shi. A shekarar 1990 masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Indiya sun nuna cewa waken da wasu ke kira waken Turawa yana fitar da irin wannan ruwa mai kwance fosfaras daga jikin ƙarfe, har shukar da ke kusa da shi ko wadda ta biyo bayansa ta amfana.

Hanya ta uku ita ce ƙawance da wani nau'in funfuna na cikin ƙasa da ake kira maikoriza. Wannan halitta tana shiga cikin saiwa, sannan ta miƙa zarurrukanta waɗanda suka fi gashi siranta zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Tana kawo wa shuka fosfaras, shuka kuma tana biyan ta da sukari. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa duk suna wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

A nan akwai wani abin lura da ya shafi manoman dawa da gero kai tsaye. Idan shuka ta ji yunwar fosfaras, saiwarta takan ƙara fitar da wani sinadari na kiran maikoriza. Sai dai wannan kira shi ne kuma ke tayar da irin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, daga barcin da yake yi a cikin ƙasa. Wannan ya bayyana abin da manoma suka daɗe da sani, cewa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji. Ciyar da ƙasa da fosfaras yana rage wannan kira, don haka yana daga cikin matakan yaƙi da ita.

6.0 Hanyoyin Kyautata Amfani da Fosfaras

6.1 Sanin abin da ke cikin buhu

Lambobin da ke jikin buhu suna nuna kashi nawa ne cikin 100 na kowane sinadari. Buhun kamfa mai 15:15:15 mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na fosfet. Mai 20:10:10, wanda ya yaɗu bayan yarjejeniyar taki da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a Disamban 2016, yana ɗauke da kilo 5 ne. Buhun supa yana da kimanin kilo 9, ga kuma kalsiyam da farar wuta waɗanda gyaɗa ke so. Yuriya ba ta da fosfaras ko kaɗan. Manomin da bai san wannan ba yana iya sayen yuriya saboda tana sa ganye ya yi kore shar cikin 'yan kwanaki, alhali ciwon gonarsa daban ne.

6.2 Lokacin zubawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shuka ta fi buƙatar fosfaras a makonnin farko, lokacin da take kafa saiwa. Don haka lokacinsa shi ne ranar shuka ko jim kaɗan bayan tsiro. Wanda ya jira sai an yi maimai ya makara, ko da takin bai samu da wuri ba ne ya jawo jinkirin. Yuriya ce ake rabawa a ƙara daga baya.

6.3 Wurin zubawa da dabarar ɗan kaɗan a gindi

Tun da sinadarin ba ya tafiya, watsa shi a saman ƙasa asara ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya fi shi ne a binne shi kusa da iri, tazarar kamar tsawon ɗan yatsa, ba tare da ya taɓa irin ba, domin a busasshiyar ƙasa yana iya ƙone tsiro.

A kan wannan tushe ne masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, suka gina dabarar zuba ɗan kaɗan a gindin kowace shuka. Ana sa kimanin giram 6 na kamfa, wato cikin marfin kwalbar lemo, a kowane rami. A gonar gero mai ramuka 10,000 a hekta, wannan ya kama kilo 60, wato buhu ɗaya da ɗan ɗori. A ɗauki misalin manomi a Kusada wanda ƙarfinsa bai wuce buhu ɗaya ba. Idan ya watsa shi a hekta guda, kowace murabba'in mita za ta samu giram 5 ne a barbaje, mafi yawansa a wurin da saiwar jaririyar shuka ba ta kai ba, ciyawa kuma ta samu rabonta. Idan kuwa ya binne giram 5 ɗin nan a gindin shuka, duka yana bakin saiwa tun ranar farko. Taki ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, wurin ajiyewa ne ya bambanta. Inda shuka ta fi yawa a kan kunya, kamar yadda ake yi a gonakin Katsina da dama, sai a rage abin da ake sa wa kowane rami gwargwadon yawan ramukan.

Wannan dabara tana da nata sharuɗɗa. Tana cin lokaci a ranakun da kowa ke gaggawar shuka. Haka kuma, da yake amfanin da ake girbewa yana ƙaruwa, abin da ake kwashewa daga ƙasa ma yana ƙaruwa, don haka tilas a haɗa ta da takin gida.

6.4 Takin gida da ragowar amfanin gona

Kashin shanu da na tumaki da awaki da kaji, da toka da juji, duk suna ɗauke da fosfaras. Ban da wanda suke kawowa, ruɓewarsu tana hana ƙarfe da alminiyam kama wanda aka zuba, tana kuma taimaka wa ƙasa riƙe danshi. A Samaru ta Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fara wani dogon gwaji a shekarar 1950 inda ake kwatanta kashin shanu da takin zamani a fili ɗaya shekara da shekaru. Darasin da aka samu daga irin waɗannan gwaje-gwaje shi ne haɗa biyun ya fi dogaro da ɗaya, kuma yawan zuba takin naitirojin shi kaɗai yana ƙara wa ƙasa tsami. Ashe al'adar kai taki gona da mangala ko amalanke da rani, da barin Fulani su zauna da shanunsu a gona bayan kaka, da kiyaye itacen gawo, duk suna da hujja a kimiyyance. Barin wani sashe na kara a gona ma yana tare ƙasar sama daga iska, yana kuma kama ƙurar da ke wucewa.

6.5 Juya shuka da haɗa ta

Binciken da aka yi a Nijar ya nuna cewa hatsin da ya biyo bayan wake ko gyaɗa yakan ƙulla ƙawance da maikoriza da wuri fiye da wanda ya biyo bayan hatsi ɗan'uwansa. Don haka yana da kyau a zuba supa wa gyaɗa ko wake a bana, baɗi kuma dawa ko gero su gaji ragowar fosfaras ɗin da naitirojin ɗin da aka bari.

6.6 Duwatsun fosfet na gida

Akwai duwatsun fosfet a Jihar Sakkwato, wajejen Dange da Shuni, akwai kuma a yankin Tawa ta Nijar. Ana iya niƙe su a zuba a gona kai tsaye. Sai dai suna narkewa a hankali, sun kuma fi aiki a ƙasa mai tsami da isasshen danshi. A jigawa mai ƙarancin ruwa, amfaninsu ya fi fitowa idan an cuɗa garin da takin gida ya ruɓe tare, kuma ba a damina ɗaya ake ganin sakamakon ba.

6.7 Ingantaccen iri

Iri ya bambanta da iri wajen iya neman fosfaras. A shekarar 2012 masana a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin sun bayyana gano wata ƙwayar gado mai suna PSTOL1 a jikin wata shinkafar gargajiya ta Indiya da ake kira Kasalath. Wannan ƙwayar gado tana sa saiwa ta yaɗu da wuri, shuka ta samu fosfaras a ƙasar da ba ta da shi sosai. Daga baya an gano makamantanta a jikin dawa. Abin lura shi ne, a hannun talakawan manoma aka samo wannan baiwa, wanda ke nuna cewa irin gargajiya da ke rumbunan Kankiya ba abin yasarwa ba ne. Aikin da ke gaban masu kyautata iri a yanki irin wannan yana da sarƙaƙiya, domin fosfaras a sama yake, ruwa kuwa a ƙasa. Ana buƙatar shukar da za ta baza saiwa a sama ta kuma zurfafa wata.

7.0 Matsayin Malami

A taron Abuja na watan Yunin 2006, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake amfani da shi daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, amma shekarar ta zo ta wuce ba a cim ma wannan buri ba. Tun da taki bai wadata ba, sanin yadda za a yi da ɗan wanda ke hannu ya zama wajibi. Malamin makaranta a karkara yana da rawar takawa a nan, domin sau da yawa shi ake kawo wa takarda ko buhu ya karanta. Ɗalibansa kuma 'ya'yan manoma ne waɗanda suka san jigawa da laka da fadama da jangargari tun kafin su san allo. Idan ya fara darasi daga waɗannan kalmomi da daga kamfa da supa, sannan ya gangaro zuwa fosfaras, zai ga fahimta ta zo da sauƙi. Yana kuma iya ware kunya uku a lambun makaranta: ɗaya ba taki, ɗaya a watsa, ɗaya a binne a gindi. Gani ya kori ji.

8.0 Kammalawa

An ga cewa fosfaras sinadari ne da shuka ba ta rayuwa sai da shi, kuma ƙarancinsa a gonakin Kankiya da Kusada ya samo asali ne daga yanayin ƙasa, da yawan ɗiba ba mayarwa, da halinsa na mannewa wuri ɗaya. An kuma ga cewa gyara yana cikin zaɓen takin da ya dace, da zuba shi da wuri a kusa da saiwa, da haɗa shi da takin gida, da juya shuka, da amfani da irin da ya iya nema. Mafi yawan waɗannan matakai ba sa buƙatar ƙarin kuɗi, sani suke buƙata, shi kuwa sani ta hannun malami yake isa ga jama'a.

Tambayoyin Bita

1. Kawo dalilai uku da ke sa fosfaras ya yi ƙaranci a gonakin tudu.
2. Yi bayanin dangantakar da ke tsakanin gajiyar ƙasa da yaɗuwar wuta-wuta.
3. Manomi yana da ramuka 20,000 a hekta da buhu biyu na kamfa. Giram nawa kowane rami zai samu?
4. Tattaro kalmomi goma da manoman garinku ke amfani da su wajen bambanta ire-iren ƙasa da taki, ka bayyana ma'anar kowace.